Wuƙar Didam a Duwala

Ɗan ƙanwata ya samu aikin kwana-kwana. Ya turo min hotunan wuƙaƙe a waya, wai Kawu wacce zan saya tunda ka taɓa yin aikin. Duk masu ƙyalli, wata har da zanen damisa a ƙota. Na fara rubuta masa amsa ta yi tsawo, sai na ce bari in sa ta nan kowa ya gani.

Mu biyu ne, ni da Didam. Ni ɗan cikin garin Kafanchan, babana ɗan tireda a kasuwa. Shi ɗan Madakiya, gidansu manoma ne, citta da dawa. Mun haɗu bayan rikicin 87, lokacin da 'yan kasuwa suka ɗebi samari gadin wuta, aka ba mu durom da bokiti da tsohuwar mesa, wani tsohon ɗan kwana-kwana ya koya mana abin da ya samu. Yana ce min Alhaji, ni da ko Kano ban taɓa zuwa ba lokacin. Ina ce masa Fasto, shi da sai Kirsimeti yake tuna hanyar coci. A rikicin an ƙona shagon babana. An sari ɗan kawun Didam a kafaɗa, hannun bai sake ɗaguwa ba. Duk mun san wannan, ba mu taɓa maganar ba.

Da gari ya lafa aikin gadi ya ƙare. Sai ga wani dillali, Oga Friday, wai kamfanin katako a Duwala ta Kamaru yana neman waɗanda suka san kashe wuta.

Aba jirgin ƙasa ya sauke mu, mota ta kai mu Oron, bakin ruwa. Nan Oga Friday ya karɓi katunan shaidarmu zai je a buga hatimi, ya ce mu jira shi gindin wata bishiyar mangwaro. Har yau muna jira. Sauran samarin da muka zo tare suka juya. Didam ya ce shi ba zai koma Madakiya da tafin hannu ba, an riga an yi masa addu'a a gida, mata sun yi kuka, kukan bai kamata ya tafi a banza ba. Ni ba abin da zan koma wa. Wata mata mai ƙyafe kifi ta bar mu muka zauna a rumfarta. Ba ta jin Hausa, turancin buroka ma kaɗan. Muna faskara mata itace, tana ba mu gari da kan kifi. Ranar da za mu shiga jirgin ruwa ta ɗaure mana busasshen kifi a leda, ta shafa kan Didam kamar ɗanta. Ban san sunanta ba.

Jirgin na katako ne, cike da durom ɗin fetur da robobi, mutane a sama. Ruwa yana dukanmu ta ko'ina, ka lashi leɓe ka ji gishiri. Kowa ya yi amai. Da rigar Didam ta manne a jikinsa na ga shatin abu a ƙugunsa. Ya ga na gani.

"Wuƙan babana ne," ya ce. "Ya ce in riƙe."

Na ce to. Na kalli ruwa.

A Limbe jandarmomi, 'yan sandan Kamaru, suka zaunar da mu a rana, ba mu da takarda. Suka ɗauke rediyon Didam da takalmina mai kyau suka ce mu wuce.

Duwala ruwan sama ne. Mu 'yan Kafanchan muna alfahari da ruwa, mukan yi wa 'yan Kano dariya. Can na gane ba mu san komai ba. Ka shanya riga ta kwana uku ba ta bushe ba, takalmi ya yi fure a ƙarƙashin gado, kwaɗon ƙofa ya yi ja cikin wata ɗaya. Muka nemi unguwar Hausawa. Wani tsohon mahauci, kowa Baba yake ce masa, ya ba mu ɗaki a bayan rumfarsa. Bai tambayi addinin kowa ba, ya dai ce kar mu kawo mata. Ɗakin tabarma biyu yake ci, in na juya sai na bugi Didam. Shi Baban ne ya san wani a filin katako na bakin tashar jiragen ruwa. Ashe kamfanin gaskiya ne akwai shi, Oga Friday ne dai ba su taɓa jin sunansa ba.

Shugaban 'yan kashe wuta na wurin wani gajere ne mai furfura, Shef ake ce masa. Kunnensa ɗaya ya narke ya zama kamar ƙullin kunu. Da buroka muke magana. Ya zagaya da mu filin. Gumagumai kamar ɗakuna, katako an jera ya fi mutum uku tsawo, ga garin katako ko'ina. Ya ce in wuta ta kama rumfa hayaƙi ba ya barin ka ga hannunka, don haka mai shiga da mesa ana ɗaura masa igiya a ƙugu, wani ya riƙe a waje, da ita ake jawo shi. Amma igiyar nan in katako ya faɗo mata ita ce za ta riƙe ka a cikin wuta. Ba mai shiga sai da wuƙa. Wanda muka gada, ya ce, wuƙar ninki gare shi, ya kasa buɗe ta da safar hannu. 

Ya auna mu da ido. Didam ƙato ne, ƙirjin noma. Ya ce Didam zai riƙa shiga, ni mai igiya.

Kamfani ya ba mu hular kwano da riga mai kauri da takalmi. Sauran kai za ka nema. Shef ya sa muka tuɓe ya duba kayan cikinmu. Singiletina ta nailan ya jefa a garwashin mai gasa masara, muka tsaya muna kallo ta dunƙule ta zama baƙin danƙo. Ya ce haka za ta yi a fatarka. Auduga kawai, har kamfai, har safa. Ba zobe, ba sarƙa. Didam ya cire gicciyensa ya sa a aljihu. Usur a wuya da zaren da zai tsinke in an ja. Tocila ta roba. Sai ya ce kowa ya nuna wuƙarsa.

Ni ba ni da ita. Tun rikici babana ya tattara duk wata wuƙa a gidanmu ban da ta kicin ya zuba a masai.

Didam ya juya min baya sannan ya zare tasa ya miƙa wa Shef. Ta gefen kafaɗarsa na hango ta. Baƙin ƙarfe ce, ƙirar wani maƙeri a kasuwar Zonkwa, da sifirin ɗin mota aka yi. Kubenta fatar saniya, an ɗinke ta tsam. Shef ya aske gashin hannunsa da ita, ya gyaɗa kai, ya ce ta fi tasa kaifi. Ya nuna ɗigo-ɗigon tsatsa da ruwan jirgi ya bari. Ya ce ƙarfen nan na ƙasarku ne, nan iska ma gishiri ce. Ko ka sayi ta farin ƙarfe, ko kullum ka zare ta ka goge ka shafa mai, kuma ka yar da fatar nan, fata ruwa take sha ta riƙe. Didam ya ce babansa ne ya ɗinka kuben da hannunsa, zai riƙa shafa mai. Ya mayar da ita sannan ya juyo.

Ni aka tura kasuwa. Farin ƙarfe da ba ya tsatsa, can inoks suke ce masa. Ta farko da na saya tana ƙyalli kamar madubi. Shef ya goga ƙusa a bayanta, fentin ya ɓare, baƙi ya bayyana. Mai kayan ya rantse bai taɓa ganina ba. Karo na biyu Shef ya raka ni. Ya ce kar ta zama mai ninkewa, garin katako yana shiga gaɓar. Tsininta ya zama dakusasshe, kar ka huda ɗan'uwanka a hayaƙi. Rabin bakin da haƙora kamar zarto, don jiƙaƙƙiyar igiya santsi take wa kaifi. Ƙota mai kauri da za ka ji ta cikin safar hannu, da huji na ɗaura zare. Muka samu wata mummuna, irin ta masunta. Ya sa na jiƙa ta a ruwan gishiri da lemun tsami ta kwana, ba ta canza ba. Kube kuwa guntun tsohuwar mesa ya yanka min, ƙasan a buɗe, ruwa ya shiga ya fita.

Na nuna wa Didam a hannu, tana cikin mesarta. Ya yi dariya.

"Alhaji, wannan ko agwagwa ba zai yanka ba."

"Ai ba layya na zo ba, Fasto."

Tawa a wurin aiki nake barinta, cikin aljihun rigar wuta. Ban taɓa kawo ta ɗaki ba. Tasa kullum tana ƙugunsa, da ita yake kwana.

Yanzu in na faɗa wa yara abin da ya biyo baya ba sa ganewa. A garinmu, a shekarun nan, ba ka zare wuƙa a gaban wanda ba addininku ɗaya ba. Ko lemu za ka ɓare sai ka sa farce. Ba wanda ya kafa dokar, kowa dai ya sani. In ka zare, ko da wasa, sai ɗakin ya yi shiru, kowa ya tuna abin da ya gani. To ni da Didam ɗaki ɗaya, aiki ɗaya, hanya ɗaya, kwano ɗaya. In ya fita tsakar gida, Baba ne da mutanensa, duk Musulmi. A wurin aiki ina gefensa. Ya sayi man keken ɗinki a 'yar kwalba, tana kan taga. Na sha ganin ya ɗauka ya juya ta a hannu, ya kalle ni, ya mayar. Ni ma ba a ce wa mutum ciro wuƙarka mu gani. A Duwala muke amma a haka muka zauna. Shef yakan tambaye shi yana shafa mai, ya ce e.

Damina ta wuce a kanmu. Ƙananan wuta muka kashe, janareta, juji, wata mota. Didam ya fara jin Faransanci na zagi. Yakan kwanta yana lissafa abin da ake yi a gida, yanzu ana haƙar citta, yanzu mata suna ɓarewa suna shanyawa a kan dutse, duk Madakiya tana warin yaji. Ya ce mamansa yana dafa miyan karkashi da babu irinsa. Na ce mamarka dai. Ya ce Hausan naku ne, ku riƙe. Ni tsiren bakin tasha nake tunawa, da ƙarar jirgin Jos. Baba yakan ajiye mana ƙashi da tumbi, ya ce na 'yan Najeriya ne marasa uwa.

Wutar ta zo da rana tsaka, bayan ruwa ya ɗauke. Rumfar da ake busar da katako ce. Kafin mu jawo mesa hayaƙi ya cika ta. Aka ce akwai lebura a ciki, daga baya aka gane ya riga ya fita ta baya. Na ɗaura wa Didam igiya, Shef ya duba ƙullin ya buga masa hula. Ya shiga. Ina sakin igiya tana tafiya, ina jin motsinsa a tafin hannuna kamar mai kamun kifi.

Sai ƙara, jerin katako ya zube a ciki. Igiya ta tsaya. Na ja, kamar na ja bishiya. Muka taru mu uku muka ja, ba ta motsa ba. Shef ya ce a bari, Didam zai yanke igiyar ya biyo mesa ya fito, haka aka koya masa. Muka tsaya. Usur ɗinsa ya fara kuka. Bai fito ba.

Ban tuna na yanke shawara ba. Na dai ga kaina a ƙasa ina rarrafe, hannu ɗaya a kan igiya, Shef yana feso min ruwa a baya. Na haye katakon da ya danne ta, na sake lalubo ta a ɗaya gefen. Didam yana durƙushe. Ya cire safar hannu duka biyu. Hannu ɗaya a kube, ɗaya a ƙota, yana ja. Da ta ƙi, sai ya koma yana ture katakon da ke ci da wuta da hannu tsirara, ya sake komawa kan wuƙar. Ƙullin igiyar ya jiƙe ya ɗaure, ba ya kwantuwa. Na kama igiyar dab da ƙugunsa na goga mata haƙoran tawa. Ba ta ɗauki lokaci ba. Na ja shi ta kwala muka bi mesa.

A waje ya zauna a ƙasa ya ɗaga hannuwansa yana kallo. Fatar tana rataye kamar ya sa wata safar. Bai yi kuka ba. Ya ce min, "Alhaji, ya ƙi fita."

Da yamma Shef ya tsaga kuben da reza. Fatar ta sha ruwa ta bushe ta sha ta bushe har ta ƙanƙance, tsatsa ta haɗe ta da ƙarfen, sai da ya ɓare ta kamar ɓawon rogo. Ciki ja wur. Ya tambaye ni, ɗakinku ɗaya, ba ka taɓa ganin ya shafa mai ba? Na ce ban gani ba. Ya ce me ya sa. Na nemi yadda zan faɗa da buroka ban samu ba. Da Hausa ma ban san yadda ake faɗa ba. Ya jefa wuƙar a durom ɗin shara.

Asibiti sun yi abin da za su iya. Hannun dama suka cire yatsu uku, sauran suka lanƙwashe. Na hagu ya tsira da yatsunsa amma ba sa rufuwa. Mutumin kamfani ya zo da jaka, ya ce tunda ba mu da takardar zama, a rubuce ba mu taɓa aiki a wurin ba. Ya ce don tausayi sun biya magani. Shef yana tsaye a bayansa yana kallon silin. Daga baya ya dawo shi kaɗai da ayaba da sabuwar riga mai faɗin hannu, wadda za ta wuce bandeji.

Ni nake yi masa komai. In ɗaura masa wando, in kai shi bayi, in wanke shi. Abinci in gutsura in sa masa a baki. Da farko yana kau da kai, yunwa ta gyara wannan. Ya ce lomata ƙanana ne kamar na 'yan birni, in ƙara. Na koyi girman da yake so, da yadda zan jira ya haɗiye, da share masa gemu ba tare da na kalle shi ba. Wata rana yana tauna ya ce, "Da na goge wuƙan a bayi ma." Na ce uhm. Na miƙa masa wata lomar.

Ba mu koma ta ruwa ba. Baba ya haɗa mu da direban shanu da zai koma ta Kumba da Mamfe. Laka har gwiwa, mota ta kafe ta fita ta sake kafewa. Ina riƙe da hannuwansa a sama kamar mai ɗauke da ƙwai, ƙuda suna bin bandejin. A bakin iyaka sojan da ya zo bincike ya ji wari ya ce mu wuce. Ikom, Makurdi, Lafiya, Akwanga. A kowace tasha sai wani ya tambaya me ya same shi, in ce wuta, a ce Allah ya sawwaƙe ko a ce sannu, Ubangiji ya warkar. Wata mata a Akwanga ta saya masa kunu ta riƙe masa kofin da kanta. Da muka fara ganin duwatsun Kagoro Didam ya kafa musu ido.

Ban tsaya gidanmu ba. Muka sauka a Kafanchan muka hau bas ɗin Zonkwa, muka sauka Madakiya. Lokacin sharar gona ne, duk maza suna daji. Ban taɓa shiga ƙauyen ba sai ranar. Mutane suna kallon hulata, suna kallon hannuwansa.

Mamarsa tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta miƙe, ta zo, ta tsaya. Ba ta taɓa bandejin ba. Ta ce masa wani abu da yarensu, ya amsa gajere. Ta juyo ta ce min sannu da hanya, ɗana, ta shimfiɗa tabarma. Maƙwabta suka taru a ƙofa, wani dattijo ya yi addu'a cikin sunan Yesu, na sunkuyar da kai har aka gama. Babansa ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, ya jingine ta a bango, ya zauna nesa kaɗan. 

Aka kawo tuwon dawa da karkashi. Mamarsa ta ce min kar in ji komai, ba nama a ciki, kifi ne. Ta ajiye ruwan wanke hannu a gaban Didam, kamar yadda ta saba. Ya kalli ƙwaryar. Kowa ya kalli ƙwaryar.

Na jawo ta na wanke hannuna. Na gutsuri tuwo, babba yadda yake so, na dangwala miya, na tare yauƙin da yatsa, na kai bakinsa. Ya buɗe. Na jira ya haɗiye. Na sake gutsura.

Tana tsaye tana kallon hannuna, yadda nake murzawa, inda nake tsayawa. A loma ta uku ta durƙusa, ta wanke hannu, ta karɓe ta daga yatsuna.

"Bari, ɗana," ta ce. "Na gani. Kai ci naka."